Fetur ko dizal: wace mota ce za ta ja tirela a titunan Legas?

Ana saura mako uku Babbar Sallah kawuna ya kira ni. Sana'arsa shanu, yana saro su a kasuwar Kara da ke bakin titin Legas zuwa Ibadan yana kai wa mahauta a Oko-Oba ta Agege. Kuɗin hayar mota ya ishe shi, sai ya sa masu walda suka ƙera masa tirela mai taya huɗu wadda za ta ɗauki bijimai shida. Saura motar da za ta ja. Dillalai sun nuna masa guda biyu: Hilux mai injin fetur lita 2.7, da wata a-kori-kura mai dizal da aka shigo da ita daga Turai, fes da ita kamar ba a taɓa hawa ba.

"Kai da kake karance-karancen nan," in ji shi, "wacce ta fi ƙarfi?"

Na ce, "Kawu, ƙarfin iri biyu ne. Bari in zo gida bayan la'asar mu zauna."

Amsar da kowane direba zai ba ka a tasha ita ce dizal, ko gas kamar yadda suke ce masa. Kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wannan gaskiyar tana da sharuɗɗa, kuma Legas gari ne da ke karya yawancinsu. Abin da na zauna na warware wa kawu ke nan, na ga kuma ya kamata in rubuta, domin 'yan uwanmu da yawa a Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba sun fara shiga wannan harka ta jan janareto, tankin ruwa, ɗakin sanyi na tafi-da-gidanka ko dabbobi, suna zuba miliyoyi bisa maganar dillali kawai.

Mu fara da ƙarfin. Wanda ya taso a karkara ya san bambancin doki da san noma. Doki ya fi gudu, amma ɗaura masa amalanke cike da taki a cikin yashi ka ga yadda zai yi ta tsalle a wuri ɗaya. Sa kuwa zai sunkuyar da kai ya taka a hankali, amalanken ta biyo shi. A inji ma akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai yi cikin ƙayyadadden lokaci, akwai kuma ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da ma'aunin Newton-mita, wato Nm. Idan ka taɓa ganin mai faci ya kasa kwance noti, ya ɗauko dogon bututu ya zura a hannun sifana ya danna, notin ya saki, to ka ga ƙarfin murɗawa da idonka. Shi ne ke tayar da tan uku daga tsaye.

Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matse su kamar ninki 10, sannan fulogi ya kyasta wuta. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a 1897 ba shi da fulogin kyastu. Iska zalla yake matsewa, ninki 15 zuwa 20, har ta yi zafin da idan aka fesa mai sai ya kama da kansa. Wannan matsar ta sa dole a yi masa gangar jiki mai kauri, da fistin da sanduna masu nauyi. Ga turbo da ke ɗura masa iska tun yana ƙaramin juyi. Sakamakon shi ne duka mai nauyi tun inji bai yi kuka ba.

Dubi Hilux, tunda ita ce ta cika titunanmu. Injin fetur ɗinta na lita 2.7 yana ba da kimanin Nm 245, kuma sai ya kai juyi 4,000 a minti kafin ya ba da shi. Na dizal mai lita 2.4 yana ba da Nm 400 tun daga juyi 1,600. Babban yayansa mai lita 2.8, bayan gyaran da Toyota ta yi masa a 2020, yana kai Nm 500 a mai giya otomatik. Abin lura a nan, ƙaramin dizal ɗin dokinsa 150 ne, na fetur kuma ya haura 160. Wato a takarda fetur ya fi shi doki, amma a kan hawa da kaya sai ka ga mai fetur yana giya biyu, inji na ihu, allurar zafi na hawa, mai dizal ya wuce shi a giya uku yana sauraren rediyo. Har babban injin fetur na V6 mai lita 4.0 bai kai Nm 400 ba.

A Amurka, inda jan tirela da motar gida ya zama al'ada, tazarar ta fi haka. Injin dizal na Ford mai lita 6.7 yana haura Nm 1,400, alhali ƙaton injinsu na fetur mai lita 7.3 yana wajen 650. Irin su Cummins na motocin Ram da Duramax na Chevrolet duk a wannan sahun suke. Amma fa kada a raina manyan injinan fetur. Tundra mai lita 5.7, wadda ake shigo da ita Legas da yawa, tana jan tan huɗu da rabi ba gardama, kuma Toyota ba ta taɓa sayar da ita da dizal ba. Abin da take karɓa a madadin hakan shi ne mai, tana shan sa kamar raƙumin da ya fito daga sahara.

Nan muka iso maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai, domin lissafin ya juye sau biyu cikin 'yan shekaru.

Lita ɗaya ta dizal ta fi litar fetur ƙarfin ƙonuwa da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma injin ya fi iya tatse abin da ke cikinta. Idan aka haɗa, mai dizal kan ci ƙasa da mai fetur da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma tazarar ta fi fitowa idan da kaya a baya. A ɗauka, don misali kawai, mai fetur ya sha lita 20 a kilomita 100 da tirela, mai dizal ya sha 15. Ke nan muddin farashin dizal bai ɗara na fetur da fiye da sulusi ba, mai dizal ne ke da riba a kowace tafiya. Da zarar ya wuce haka, ribar ta koma asara.

To, dizal ya daɗe da fita daga tallafin gwamnati, fetur kuwa ya ci gaba da zama a ciki har 2023. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar dizal ta tashi daga ƙasa da naira 400 ta haura 800, fetur yana ƙasa da 200. Ninki huɗu ke nan. Babu injin da zai rufe wannan rami, shi ya sa a lokacin mutane suka yi ta gudun motocin dizal, wasu har suna cire injin suna dasa na fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, fetur ya yi tashin gwauron zabi, kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da yawa. A 2024 ɗin kuma matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da dizal, daga baya fetur. Farashin biyun ya matso kusa da juna, a lokacin lissafi ya dawo gefen dizal. Har yau akwai masu yanke hukunci da lissafin 2022, kuma suna cutar kansu. Abin da na ce wa kawu shi ne ya duba allon gidan mai a ranar da zai saya, ya raba farashin dizal da na fetur, ya ga ko ya wuce sulusin nan.

Sai dai kuɗin mai kashi ɗaya ne. Motar dizal ta fi tsada a saye, bakin manta ya fi yawa, matatun mai biyu ne ko fiye, kuma ranar da ta lalace ba ta wasa. Tanadin lita biyar a kowane kilomita 100 yana biyan wannan ne idan kana cin hanya. Wanda ke zuwa Kano ko Sakkwato sau biyu a wata, fiye da kilomita 1,000 kowace tafiya, zai mayar da kuɗinsa. Wanda duk aikinsa daga Kara zuwa Agege ne, sai ya yi shekaru bai ga bambancin a aljihunsa ba.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Dizal ɗin da iyayenmu suka sani, irin injin 5L na tsohuwar Hilux ko 1HZ na Land Cruiser, ba shi da wayo kuma ba shi da tsirfa. Famfo ne na ƙarfe da nozul, ka zuba masa abin da ka samu ya haɗiye ya yi tari ya wuce. Sunan da dizal ya yi na rashin mutuwa daga irin waɗannan ya samo shi. Na zamani wata halitta ce daban. Yana tara mai a bututu ɗaya da matsin da ke kai bar 2,000, wato kimanin ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, yana fesa shi ta ramukan da kaurinsu bai wuce na gashi biyu ba, kwamfuta na auna kowane ɗigo. Man da kansa ne ke shafe famfon. Ruwa kaɗan, ko yashi, ko kananzir da aka gauraya, ya isa ya cinye famfo da nozul huɗu a lokaci guda. Wanda ya taɓa zuwa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, neman nozul na asali ya san abin da nake nufi. Kuma gyaransa ya wuce bakaniken gindin bishiya, sai mai na'urar gwaji.

Ingancin man kuwa tsohon ciwo ne. Amurka ta rage sinadarin sulfa a dizal ɗin mota zuwa kashi 15 cikin miliyan tun 2006, Turai zuwa 10 a 2009. Nijeriya ta yi shekaru tana halatta 3,000. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa gurɓataccen dizal musamman don Afirka ta Yamma. ECOWAS ta amince da 50 a 2020, kuma abin ya fara gyaruwa, ko da yake a Yulin 2024 mun ga yadda Dangote da NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar mai, suka yi ta cacar baki a bainar jama'a kan wane dizal ne ya fi sulfa, na matatarsa ko wanda ake shigowa da shi. Ko da mai ya fito da tsabta daga matata, tsakanin can da tankinka akwai tanka, da rijiyar gidan mai da ruwan sama ke shiga, da 'yan jarka. Fetur ma bai tsira ba, don ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da mai mai yawan methanol ya kashe injina a Legas da Abuja. Bambancin shi ne injin fetur yakan yi gargaɗi kuma jinyarsa da sauƙi.

Yanzu ga motar Turai da ta ɗauki hankalin kawu. Na roƙi wani dattijon bakanike da muke salla tare ya raka mu. Bai ko buɗe bonet ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Da ya fito sai ya nuna mana wani kumburi a jikin salansa mai kama da tulu, wayoyi na fita daga cikinsa, sannan ya buɗe murfin tanki ya nuna ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai.

"Alhaji," ya ce, "wannan motar ba ta san goslo ba."

Tulun nan matatar hayaƙi ce. Tana kama baƙin toka, idan ta cika sai inji ya ɗaga zafin salansa zuwa kimanin digiri 600 ya ƙone shi. Hakan yana buƙatar mota ta yi gudu ba tsayawa na minti ashirin ko fiye. A ina za ka samu wannan tsakanin Berger da Ogba da safiyar Litinin? Wanda ya kwana a layin Apapa ko ya yi awa biyu daga Ketu zuwa Mile 12 ya san amsa. Ƙonawar takan fara ta katse, ta sake farawa ta katse, man da ake ƙarawa don ita yana zirarewa cikin bakin mai yana tsinka shi, har ranar da matatar za ta toshe, kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi tana rarrafe da shanu a baya. Shuɗin murfin kuma na AdBlue ne, ruwan yuriya da ake fesawa a salansa, kuma idan ya ƙare wasu motocin ba za su sake tashi ba. Yawancin motocin da aka ƙera don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya ba su da wannan ɗawainiyar, shi ya sa suka fi zama lafiya a nan.

Na san abin da ake yi: a yanke matatar, a yi wa kwamfuta dabara. Ni ban goyi bayan haka ba. Hayaƙin da aka saki yana shiga huhun mai tallan biredi da ɗan acaɓa da yaran da ke tsallaka titi zuwa makaranta, kuma iskar Legas ta riga ta yi nauyi. Gara tun farko kada ka sayi motar da ba a yi ta don hanyarka ba.

Akwai kuma damina. A watan Yuni da Yuli, idan ruwa ya kwanta a Lekki ko Oshodi, injin da ya shaƙi ruwa ya shiga uku, kowanne iri ne. Amma mai dizal ya fi muni, saboda sararin da ke saman fistin ƙanƙane ne, kofi ɗaya na ruwa ya isa ya lanƙwasa sanda.

Inda dizal ke da gaskiya ba tantama shi ne doguwar hanya da tudu. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa, saboda iska na raguwa. Legas a bakin teku take, Jos ta haura mita 1,200. Hilux mai fetur da ta bar Agege da ƙarfinta, kafin ta gama Hawan Kibo ta zubar da fiye da kashi goma, a daidai inda ta fi buƙatarsa. Turbo yana cike wannan giɓin. Masu tunanin mayar da mota kan iskar CNG kuma su sani injin fetur ne ke karɓar juyin cikin sauƙi, amma ƙarfi yana ɗan raguwa, tukunyar kuma tana cin wuri da nauyi a bayan mota.

Duk wannan bayanin kawu ya saurara yana gyaɗa kai. Abin da ya sa ya ajiye kofin shayi shi ne da na tambaye shi, "Kawu, tirelar nan tana da birki?"

Ya ce, "Birki kuma? Ai motar na da shi."

Wannan ne abin da ya fi damuna a duk harkar, ya fi zancen fetur da dizal nesa ba kusa ba. Idan ka ji an ce Hilux tana jan kilo 3,500, sharaɗin shi ne tirela mai birkin kanta. Marar birki, iyakarta kilo 750, ko wane inji ke gaba. Mai fetur 2.7 kuma, ko da birkin, a kasuwannin da ake rubuta mata adadi kilo 2,500 ake ba ta. Muka yi lissafi a bayan takardar rasit: bijimi shida, kowanne a ce kilo 400, ya zama 2,400. Tirelar kanta, da ƙarfen da masu walda suka zuba mata, ba ta gaza 900 ba. Jimla 3,300, a bayan motar da nauyinta bai fi tan biyu da 'yan kai ba. Abin da ake ja ya fi mai jan nauyi, kuma kaya ne mai rai da ke motsi, idan ka taka birki duk su zube gaba.

Akwai wani adadin da dillalai ba sa ambata, wato jimlar nauyin mota da kayanta da tirela gaba ɗaya. A Hilux 2.8 yana wajen kilo 5,850. Cire tirela mai 3,500, cire nauyin motar, abin da ya rage bai fi direba da yara biyu ba. Wato ba a cika tirela a kuma cika bayan mota da buhunan dusa. Sannan kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya kamata ya zauna a kan ƙugiyar ja. Idan kaya ya koma baya, tirela takan fara kaɗa wutsiya a kan gudu, kuma wanda ya ga hakan sau ɗaya a Doguwar Gada da ke titin Legas zuwa Ibadan ba ya fatan sake gani.

A gangara ma akwai abin da ba kowa ya sani ba. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, injin fetur yana riƙe mota da kansa saboda maƙogwaronsa ya rufe. Dizal ba shi da wannan riƙon sosai, shi ya sa manyan motocin Amurka da tireloli ke da birkin salansa. Ƙananan a-kori-kura da yawa ba su da shi, duk nauyin sai ya koma kan birkin taya, ya yi zafi, ya daina kamawa. Mutanen Legas ba su manta gangaren gadar Otedola ba, inda a Yunin 2018 tankar mai ta ƙwace ta kama da wuta, motoci sama da 50 suka ƙone, aka rasa rayuka. Tirelar shanu ba tanka ba ce, amma nauyi a gangara hali ɗaya gare shi. Injin dizal mai ƙarfi yana iya zama tarko a nan, domin yana jan kayan da ya fi kima cikin sauƙi har direba ya manta abin da ke bayansa.

Hukuncina ke nan. Mai jan abin da bai kai tan biyu ba, cikin gari, jefi-jefi, ya sayi fetur ya huta, kowane bakanike daga Agege har Ojo zai gyara masa, kayan gyara kuma ga su a Ladipo. Mai jan tan biyu da rabi zuwa sama a kai a kai, ko mai hawa Arewa, dizal ne nasa, amma wanda aka ƙera don wannan yanki, da gidan mai ɗaya amintacce, da matatar da ke raba ruwa da mai, wadda zai riƙa zubar da ruwanta duk mako. Tundra da ire-irenta na wanda ke jan kaya mai nauyi amma ba kullum ba, wanda kuɗin mai na 'yan kwanaki ba zai karya shi ba.

Kawu ya bar motar Turai, dillalin har ya yi fushi. Bai ɗauki mai fetur ɗin ba, tunda bayan Sallah yana da niyyar fara saro dabbobi daga Neja da Kwara da kansa. Ya ƙara kuɗi ya samu Hilux mai dizal da wani kamfani ya yi amfani da ita a nan Legas, salansarta miƙaƙƙiya ba tulu. Kafin ya biya, an mayar da tirela wajen masu walda, aka canza mata gindi da mai birki, irin wanda idan mota ta rage gudu tirela ta turo ƙugiya sai waya ta ja birkin. Aka sa mata fitilun baya da sarƙa biyu, aka kuma gitta ƙarfe a tsakiya don kada shanun su taru a gefe guda.

Tafiyar farko bayan asuba muka yi ta, ina gaba kusa da direba. Bijimai biyar muka ɗauko. Na shidan kawu ya bar shi a Kara, ya ce da azahar a dawo a ɗauke shi.